Igiyar Gudun Auta

"Ki ce wa malamin nan ina son ganinsa yau."

Ko kallona Abba bai yi ba.

Malam shi ke koyar da motsa jiki a makarantar su Auta, ƙanwata da aka haifa ba ta gani. Igiya yake ɗaurawa a hannunsa da nata, su yi gudu kafaɗa da kafaɗa, yana faɗa mata kwana da miƙe. A bakin filin gudun muka saba, har ya turo manyansa. Amma tun ranar da Auta ta faɗi wajen gudu goshinta ya fashe, gidanmu ya yi tsit, irin shirun da ke sa tsigar jiki tashi.

Da yamma ya zo, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Na laɓe a bayan labulen falo.

"In na hana ta da bakina, tsanata za ta yi," in ji Abba. "Kai take ji. Ka ce mata ba ta iya ba, ta haƙura. In ka yi haka, na ba ka yayarta."

"Abba... ai ta iya. Duk ajin babu kamarta."

"Uwarsu ta rasu ta bar min amana! So kake wata rana a kawo min ita a kwance?"

"Zan ƙara kula, wallahi. Amma in na ce mata ba ta iya ba, ko tsakar gida ba za ta ƙara takawa da ƙarfin zuciya ba."

"To, tashi ka ba ni wuri."

Na tare shi a bakin ƙofa, hawaye na zuba.

"Hasken idona, kalma ɗaya ce fa... ɗaya tak!"

"Ki yafe min, zuciyata." Ya dube ni. "Za ki iya zama da mutumin da ya yi mata wannan ƙaryar?"

Ya juya ya shige cikin iska.

A ɗaki na tarar da Auta tana laluben takalman gudunta.

"Yaya, muryar Malam na ji! An sa rana ne?" Ta shafo fuskata, sai ta tsaya cak. "Yaya... me ya jiƙa miki kumatu?"

Na rungume ta ƙam.

"Ruwa ne ya fara sauka, Auta."