Tsiro da Ruwan Jego

Na'urar leƙa-jiki ta zagaya ƙirjin Uwani sau uku tana kukan nan nata irin na sauro, sannan ta tsayar da hoton a iska a tsakiyar ɗakin. Dakta Balaraba ta dube shi. Abin da ta dasa wa ƙanwarta shekara huɗu da suka wuce ya ƙandare, kuma ya fitar da saiwoyi.

Sunan abin Tsiro. Balaraba ce ta ƙirƙiro shi a Gusau a shekarar 2088, domin matan da sankara ta sa aka yanke musu mama. Ba irin jakar silikon ta zamanin kakanni ba ce da kan fashe ko ta goce. Tsiro tsoka ce ta roba mai rai. Yana shan jini, yana auna ɗumin jiki, mace ta yi ƙiba ya ƙaru, ta rame ya ragu. Uwani ce ta fara kwanciya aka saka mata a hagu, tana cewa in ba ta yarda da hannun yayarta ba, da na wa za ta yarda.

An gwada Tsiro a sanyi, an gwada shi a zafin bazara. Wankan jego ne kaɗai ba a gwada ba, kuma wallahi ba mantuwa ba ce. Wata nas ta kawo maganar a taro, Balaraba ta yi dariya a gaban baƙin masana, wai wa ke tafasa ruwa da ganyen darbejiya a garin da motoci ke yawo a sama? Tsabar son a ce an waye, ita da ta girma tana hura wutar irin wannan tukunya.

To, Uwani ta haihu. Goggo Ladidi, ƙanwar mahaifinsu, ta iso daga Kwatarkwashi da tukunyarta, aka yi kwana arba'in ana wanka safe da yamma. Tsiro ya ɗauka jikin ƙonewa yake. Sai ya taurare don kare kansa, ya miƙa saiwoyi neman sanyi, har suka nannaɗe hanyoyin nono na maman dama, ɗayan da ya rage mata.

"Yaya, ki faɗa mini gaskiya," in ji Uwani, tana jijjiga jaririyarta. "Gyara za a yi?"

"Cirewa za a yi. In aka bari, saiwoyin za su kai huhu."

"Na hagun kawai?"

Balaraba ta sunkuyar da kai. "Duka biyun."

Goggo Ladidi da ke rakuɓe a gefe ta dafe ƙirji. "Ruwan nan nawa ne ko? Ni na cuci yarinyar nan da hannuna."

Ga ƙofar kuɓuta a buɗe. Da Balaraba ta yi shiru, shi ke nan, tsohuwa ta ɗauki kayan da ba nata ba har kabari. Kuma ta yi shirun, na ɗan lokaci, abin da har gobe ba ta yafe wa kanta ba.

"Ba ke ba ce, Goggo," ta ce daga ƙarshe. "An faɗa mini a gwada. Na ji kunyar a san muna yi, na hana."

Uwani ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ta dai roƙi a ba ta awa ɗaya, ta juya musu baya, ta shayar da 'yarta har ta ƙoshi ta yi barci.

Hannuwan na'urar tiyata sun yi awa bakwai suna tsince saiwoyi. An yi nasara, in ji likitoci.

Kwana uku bayan haka Balaraba ta shigo da kwalbar madara a hannu da albishir a baki. Ta gano inda matsalar take. Sabon Tsiro zai jure ko tafasasshen ruwa, nan da wata shida za a iya saka mata guda biyu.

"Zai ba ta nono?" Uwani ta tambaya.

"A'a."

"To ki bar ni haka, Yaya. Miƙo kwalbar."

Jaririyar ta ture kwalbar da harshe. Ta juya kai tana laluben bandejin ƙirjin uwarta da baki, ta nema a dama, ta nema a hagu, ta sake komawa dama.