Fuskar da Hikima Ta Zana a Bango

Ruwaida ta dire bokitin a ƙofar zauren Alhaji Osmanu da ƙarfin da ya sa ruwan ya fantsale a takalmin Zaharaddini.

"Haba, rabin raina..."

"Matsa min."

Ya matsa, kamar yadda ya saba matsa wa kowa, kuma wannan halin nasa ne ya fi ƙona mata rai.

Tun zamanin da kakan Alhaji ya sauka unguwar Akwatialine da fataucin goro, ba a taɓa kai goron neman aure daga gidan nan ba sai an sabunta fentin zaure. Shekaranjiya aka yi fentin, saboda yau za a kai goron Zaharaddini, ɗan Alhaji, gidan su Ruwaida a unguwar Tafo. Jiya kuwa jikokin gidan, waɗanda Ruwaida ke koyarwa a ajin ƙananan yara, suka cika farin bangon da fuskokin dariya irin na waya.

Ita ta koya musu, ba ta musa ba. A kifa murfin gwangwanin madara a zagaye shi, a lanƙwasa idanu biyu, a yi baki kamar yankan kankana, a ɗiga hawaye gefe da gefe. Amma a kan takarda ta ce!

Basiratu, 'yar ƙanwar Alhaji, wadda ta daɗe tana ganin ita ta dace da Zaharaddini, ita ta ja hannun kawunta har gaban bangon, tana tambaya ko haka za a riƙa tarbiyya a gidan. Alhaji ya yanke cewa goro ba zai fita ba sai bangon ya koma yadda iyayensa suka bar shi. Zaharaddini ya ɗauki wayarsa. Saƙo kawai ya tura wa Ruwaida, wai ta yi haƙuri ta zo.

Ta hau trotro, motar haya, ta zo. Ta durƙusa ta gaida Alhaji, sannan ta ɗauki tsumma ta kama goge bangon, fuska bayan fuska, Basiratu na tsaye tana nuna mata inda ta tsallake.

Sai ta iso ta ƙarshe, can ƙasa kusa da dokin ƙofa. Da'irar a karkace take, ido ɗaya ya fi ɗaya girma. Ta san hannun.

Ta ajiye tsumman.

"Saura ɗaya," in ji Basiratu.

"Na gani." Ta juya wajen dattijon. "Baba, wannan ba zan goge ta ba."

Zaharaddini ya dafe kai. "Ruwaida, don Allah... goron fa..."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta shaida wa Alhaji cewa zanen Hikima ne, 'yar marigayiya Salamatu, 'yarsa. Tun rasuwar uwarta yarinyar ke zana baki yana kallon ƙasa. An kama mata hannu, an lallashe ta, da an saki sai ta juya shi. Wannan ce fuska ta farko da bakinta ya kalli sama, kuma ba a aji ta zana ta ba, a gidan kakanta ta zana.

"In goron ya fasa saboda ita, Baba, na haƙura."

Alhaji ya dogara sandarsa ya sunkuya, abin da gwiwoyinsa suka daɗe da hana shi. Ya jima yana duban karkatacciyar da'irar. Da ya miƙe, sai ya ce mahaifinsa ya taɓa hana a fente tafin hannun da Salamatu ta manna da lalle a bangon nan tana ƙarama, saboda haka ba sabon abu ba ne. Mai fenti ya zagaye wannan. Goro kuma bayan la'asar.

Basiratu ta shige cikin gida, ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba.

Wayar Ruwaida ta yi ƙara. Zaharaddini ne, yana tsaye taku biyu daga inda take, ya turo mata fuskar dariya mai hawaye.

Ta harare shi, ta miƙa masa bokitin.

"Zubar min da ruwan nan, ango. Yau dai ka yi wani abu."