Ƙarin Albashin da Ya Kori Ramlat daga Gida

Ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya ranar da surukar Ramlat ta watso mata kayanta waje. Tukunyar shinkafa ta gangara cikin kwata, ita kuwa Ramlat ta durƙusa a taɓo rungume da 'yarta Sainu, yarinya mai ciwon zuciya da leɓɓanta suka yi shuɗi.

"Fice min daga gida!" in ji tsohuwar. "Ɗana bai shekara a kabari ba kin zubar mana da mutunci. Duk faɗin garin Kollam wace mace aka taɓa ƙara wa albashi a banza?"

"Inna, wallahi ban aikata komai ba... Ki dubi yarinyar nan!"

Garam, aka rufe ƙofa.

Wayyo Ramlat! Tun tana budurwa take tsugune a masana'antar fasa yazawa, man ɓawon ya ƙone mata hannuwa har sun yi baƙi ƙirin, toka da man kwakwa sun kasa wanke su. Abin da ke sanyaya zuciyar matan wurin ɗaya ne, asusun ma'aikata. Duk wata a yanki kaɗan daga albashi, mai masana'anta ya ɗora nasa, hukuma ta adana, saƙo ya shigo waya. Dole ne a saka duk wanda albashinsa bai haura rupi dubu goma sha biyar ba. To, sai saƙon ya ɗauke ɗif. Sauran mata suka ce matsalar waya ce, Ramlat kaɗai ta je cikin ladabi ta tambayi manaja Nizar, ɗan baffan mijinta. Ba a yi sati ba ya tara matan wurin, ya naɗa ta mai duba aiki a kan dubu goma sha biyar da ɗari ɗaya, yana yi mata wani murmushi da gangan don kowa ya gani. Mugu ya san abin da ya shuka.

"Ranki ya daɗe, shugaba!" in ji Omana, wadda suka daɗe suna cin rogo da kifi tare a kwano ɗaya. "Mu ma a nuna mana hanyar ofis mana, ko sai mai takaba ake buɗe wa?"

Daga ranar babu mai amsa gaisuwarta, in ta sake zancen saƙo a kwashe da dariya. Da surukarta ta kore ta, ta kama wani ɗan ɗaki a bayan kasuwar kifi. Ana cikin haka likita ya ce in ba a yi wa Sainu aiki kafin ƙarshen damina ba, sai dai haƙuri. Ta sayar da 'yan kunnenta na aure, ko kusa ba su kai ba. Ta koma wurin Nizar tana hawaye, a taimaka ta ciri kuɗin magani daga asusunta.

"Wane asusu, matar yaya? Ai kin haye iyaka. Wanda ya wuce dubu goma sha biyar ba shi da asusu, na baya ma ya bi ruwa. Ba ke kika karɓi girma ba?"

Innalillahi! Ta fito tana cewa, "Ya Allah, Kai ne gatan maraya, ba ni da kowa sai Kai..."

Washegari ta goya Sainu har ofishin asusun, ba don tana sa rai ba, roƙo kawai ta je yi. Aka tura ta wurin wata ma'aikaciya mai furfura, Lilikutti. Ta ce ta ɗora yatsa a na'ura a gane ta. Ta ɗora babba, shiru. Ta ɗora manuni, shiru. Duk goman na'ura ta ƙi, man yazawa ya shafe zanen yatsun tas! Ramlat ta fashe da kuka. "Har hannuna ma ya ce bai san ni ba!"

"Share hawayenki, 'yata, ki dubi nan," in ji Lilikutti, ta miƙo na'urar duban ƙwayar ido. Ikon Allah! Idanun nan da suka kumbura don kuka, su na'ura ta shaida. Sunanta ya fito, da ajiyarta tun albashinta na farko.

"Wa ya ce miki kin fita?" in ji Lilikutti. "Iyakar nan a ƙofar shiga take. Wanda ya shiga yana ƙasa da ita, ko albashinsa ya taɓo sama yana ciki. Kuɗinki suna nan, za a yi wa yarinya aiki." Sai ta gyara tabarau, fuskarta ta canza. "Amma tun bara ba a zubo miki ko sisi ba. Bari in duba sauran matan."

Babu ko ɗaya da aka zuba wa! Ana yankar albashinsu, Nizar yana lamushewa, ya kuma ɓata sunan mace ɗaya da ta lura don kada a saurare ta. A gaban matan 'yan sanda suka fito da shi da ankwa, hukuma ta kama gidansa da motarsa don a biya su. Ramin da ya haƙa, shi ya rufta.

Ranar da za a yi wa Sainu aikin, asibiti ta nemi jini, Ramlat kuwa ba ta da dangin kira. Ta leƙa baranda, sai ta daskare. Layin mata ne tun daga ƙofar ɗakin ɗibar jini har bakin titi, tsaye cikin ruwa, hannuwansu baƙaƙe irin nata! Omana ce a gaba, ta kasa haɗa ido da ita, ta miƙa wa ma'aikaciyar jinya dantse. "Ɗebi, 'yar nan, ɗebi da yawa. Bakin da ya zage ta ba shi da abin biya sai wannan." A can ƙarshen layi surukarta ce tsugune da kwanon kunun shinkafa, tana kuka tana cewa, "Yafe min, Ramlat, na ci alhakinki." Ramlat ta ɗago ta, ba abin da take iya faɗa sai Allahu Akbar.

Da Sainu ta farfaɗo, uwar ta daɗe tana kallon leɓɓanta. Sun yi ja, abin da ba ta taɓa gani ba tun haihuwarta. Yarinyar ta kamo baƙin hannun nan ta ɗora a kumatunta.

"Umma," ta ce, "yunwa nake ji."