Tsohuwar Bakin Allura

Ku matso, ku rage murya. Ke Lantana, kika sake yi min dariya wallahi na fasa.

Kun san wurin aikina, ɗakin binciken nan mai na'urar buga fata. Ƙwayoyin jikin mutum ake zubawa cikin wani ruwa mai kauri kamar koko, na'ura ta riƙa turo su ta bakin allura a hankali. Kowace ƙwaya da 'yar fatarta siririya. Matsi ya yi yawa, ta fashe, ta mutu.

Akwai wata yarinya, Barmani, tafasasshen mai ya ƙone mata baya. Sati uku muna rainon ƙwayoyinta don mu buga mata sabuwar fata. Kwalba ɗaya tak.

Ranar Juma'a ce, rana tsaka, muna cikin buga fatar Barmani. Maza duk sun wuce masallaci, saura ni da abokin aikina Sahabi, ɗan gaggawar banza. Wai shi kar huɗuba ta wuce shi. Sai ya murɗa matsin har ƙarshe.

Na ce, "Sahabi, rage!"

Ya ce, "Haba Hansai, minti biyar ne."

Ƙofa ba ta motsa ba. Sai ga tsohuwa tsaye a bayansa, da farar rigar aiki irin tamu. Ba takalmi. Na kalli ƙasa. Dugadugai a gaba, yatsu a baya.

Bakinta a rufe. Muryar daga bakin allura ta fito, siririya kamar iska ta ƙaramin rami.

"Suna kuka. Ba ka ji?"

Ta kama wuyan hannunsa da yatsu biyu. Ta matsa. Hannun ya kumbura, ya yi ƙuraje, suka riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya, ruwa na ɗiga. Ko ihu ya kasa.

Ayatul Kursiyyu ta sarƙe min a baki. Na daddafa, na mayar da matsin ƙasa. Na ɗago. Babu kowa.

Da muka duba, fiye da rabin ƙwayoyin sun mutu.

Kun san abin da ke ƙona min rai? Gari ya ɗauka, ana ta zuwa duba Sahabi, da ayaba da lemo, "Sannu, Allah ya sawwaƙe." Sakarai! Barmani fa? Fatar ba ta kai ta rufe bayanta ba. Wata huɗu ke nan a rub da ciki take kwana, ba wanda ya tambaya.

Don haka ku ji ni da kyau. Ko an aike ku wurina, kar wanda ya shiga ɗakin nan shi kaɗai ana sallar Juma'a. Ni ko na sake ganin tsohuwar nan ba zan gudu ba. Tambayarta zan yi, don me ba ta zo da wuri ba.