Ɗacin da Tatsau Ta Zubar

Tatsau tana ta gurnani a hawa na tara na gidan ruwan Birnin Tsauni, tana haɗiye saiwar rawaya ta wannan baki, tana ɗiga wani ruwa garai-garai cikin bututun gari ta wancan. Dakta Barira Ɗanladi ce ta ƙera na'urar shekara shida da suka wuce, lokacin da hayaƙin masana'antu ke cinye hantar mutane. Aikin Tatsau ta zaƙulo sinadarin da ke hana ƙwayoyin hanta lalacewa, ta zubar da ɗacin da sauran tarkace. Duk wanda ya buɗe famfo ya sha magani.

Yau kuwa allon da ke gaban Barira cike yake da rahoton asibitoci: mutum dubu huɗu, idanu sun rine, ciki ya kumbura. Sau uku tana gwada ruwan, babu guba. Sai ta hau jirgin ƙasan da ke bi ta saman gada zuwa bayan gari, wurin ƙanwar mahaifinta, Gwaggo Tasalla, wadda ta tsufa tana sayar da saiwoyi.

Tsohuwar ta saurare ta, sannan ta sa yatsa ta ja fatar idon Barira ƙasa.

"Gwaggo, me kika gani?"

"Ke ma ya kama ki, 'yar nan. Wa ya ce miki ana raba rawaya da ɗacinta? Kwana bakwai muke ba mai ciwon shawara, mu tsaya. Ɗacin ne ke sa mutum ya ajiye ƙoƙon. Ku kun cire shi, kuna ta ɗura wa gari ba hutu."

Nan take Barira ta buga waya aka kashe Tatsau, alhali ta san hayaƙin yana nan yana jira.

"To ki nuna mini inda ake haƙo ta daji, Gwaggo. Wadda muke nomawa a ɗakin gilashi mun riga mun sauya mata iri."

"Wane dajin? Wanda kuka malale da siminti?"

Gwaggo ta buɗe wani tsohon gwangwani, ta ciro busasshiyar saiwa guda ɗaya, ba ta wuce tsawon yatsa ba. "Wannan kaɗai ta rage. Za ta ishi mutum ɗaya. Je ki jiƙa ki sha."

A jirgin komawa Barira ta damƙe saiwar cikin tafinta. Wata mata mai goyo da ke zaune a gabanta ta ɗago ta yi mata murmushi. Idanunta sun rine, na jaririn ma haka.