Kujerar da Kafinta Bai Gama Ba

Ihun yarinyar har bakin titi ake jin sa. Gwaggo, yayar marigayi Kafinta, ta damƙi hannunta ɗaya tana ja, uwar kuwa ta durƙusa cikin garin katako ta riƙe ɗayan, idanunta a bushe ƙamas.

"Yaya, don girman Allah ki bar mini ita... ita kaɗai gare ni a garin nan!"

"Wa ce yayarki? Kin cinye uban, yanzu 'yar kike jira ta nuna? Sake ta, mayya!"

Da uwar ta ga hannun 'yarta Shalele zai goce, sai ta saki. Haka aka tafi da yarinyar tana waiwaye tana kiran "Mama", takalminta ɗaya a yashe a ƙofar shago.

Baƙuwa ake kiran matar, don tun da Kafinta ya auro ta daga wata ƙasa mai nisa babu wanda ya damu ya koyi sunanta. Ɗaurin zanenta daban, gaisuwarta daban, in ta yi magana matan layin su kwaikwaya su bushe da dariya. Duk ta shanye, tun da mijinta na tsaye a kanta. To ga shi zazzaɓi ya ɗauke shi cikin 'yan kwanaki. Kuma abin da ya tayar da ƙura, an cika gida ana makoki, uwarsa Iya na suma ana yayyafa mata ruwa, amma matar mamaci ko ɗigon hawaye! Washegari da safe sai aka ji ƙarar zarto daga shagonsa. Aka leƙa, ga Baƙuwa ta sha ɗamara, tana yankan katakon wata kujera da ya bari rabi da rabi.

Shi ke nan fa. Mutane dama ba sa son dogon bincike a kan wanda ba nasu ba. Mai ruwa ya daina tsayawa da kurarsa a ƙofarta, mai shago ya ce kaya sun ƙare alhali tana kallon su a kanta. In ta ɓullo, iyaye su janye 'ya'yansu ciki, sai dai ka ji ƙofofi na rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta je gidan Gwaggo ta tsaya a rana ko za ta hango Shalele, aka watso mata ruwan wanke-wanke. Ta so ta yi bayani, amma wa zai tsaya ya ji? Sai ta koma shago, ta ɗaga hannuwan da ƙusa ta tsattsaga ta ce, "Ya Allah, Kai ka san abin da ke cikina... ka tsare mini marainiyata." Ta sunkuya ta ci gaba da aiki.

Ana haka Shalele ta kwanta. Amai babu tsayawa, idanu suka faɗa, har aka kwashe ta zuwa asibiti ba ta san inda take ba. Gwaggo ta fito layi ta ɗora hannu a ka. "Jama'a, ta kama kurwar yarinyar! Sai ta ƙarar da mu za ku farka?"

Da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta tsaya cik. Baƙuwa na gugar hannun kujera da samfefa sai ta ji takun ƙafafu, masu yawa, ba magana. Ta ɗago... layin gaba ɗaya ne a ƙofar shagon. Wani matashi riƙe da jarkar fetur. A gaba kuma Gwaggo ce ta jawo Iya, wadda idonta ya daɗe da mutuwa, don ta tsine wa surukarta da bakinta kafin a kunna ashana.

"Ina 'yata?" kawai Baƙuwa ta ce. "Ku faɗa mini tana numfashi, sannan ku yi abin da ya kawo ku."

"Ji ta! Har yanzu ido a soye!" in ji Gwaggo.

"Kai mai jarka, ajiye ta kafin in ajiye ka."

Tsohon Direba ne, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a kan babbar mota yana ƙetare iyakoki. Ya kutsa ya dubi kujerar, ya dubi matar, ya cire hularsa. "Ɗiyata, saura me ki gama kujerar?"

"Hannu ɗaya, Baba."

Ya juyo ga taron. "Ku da ba ku taɓa wuce tashar garinku ba, kun ɗauka duniya iyakarta layin nan! Na kwana a ƙasar mutanenta. Su a wurinsu, in mutum ya mutu ya bar aiki a hannu, matarsa ba ta da izinin kuka sai ta ƙarasa masa, don kada ya je gaban Ubangiji da alkawarin wani a wuya. Na ga matar masunci tana saƙa koma, jini na fita a yatsunta, tana haɗiye kuka. Ku kun yi naku kukan kun ci abinci kun ƙoshi. Ita nata yana nan a ƙirji yana cin ta!"

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi masifa, sai ga mijinta a guje daga asibiti, ɗan sanda na bin sa, da wata kwalba a hannu. "Likita ya ce guba ce a cikin yarinyar! Wannan jiƙon na sami ƙarƙashin gadonki. Ba ke kika ce mini maganin tari ne ba?"

Gwaggo ta ja da baya. "Na... na mai magani ne na bakin kasuwa... ya ce zai wanke mata jinin uwarta..."

Salati ya tashi ko'ina. Mai jarka ya sulale. Aka tasa ƙeyar Gwaggo, ɗankwali a hannu, matan da suka yi ta yi mata amshi suna tofar da yawu a bayanta, mijinta na faɗin kada ta sake ta tako masa gida.

"Yarinyar fa?" Baƙuwa ta riƙe rigar mijin Gwaggo.

"Ta farfaɗo. Ke take kira."

Iya ta lalubo da sandarta har ta taɓa kujerar. Ta shafa bayanta, ta shafa ƙafafun. "Ta wa ce?"

"Taki ce, Iya. Ya ce ciwon bayanki ba ya barin ki zama a tabarma."

Tsohuwa ta zube a ƙasa. "Wayyo ɗana! Wayyo ni da na zo tsine wa mai cika masa alkawari... Yafe mini, 'yata. Ba ni abin gugar nan, mu gama tare ki je wa jikata."

Hannu biyu suka haɗu a kan katako, na tsohuwa da na baƙuwa, babu mai motsi a ƙofa sai ƙarar samfefa. Da wurin ya yi sumul, Baƙuwa ta ɗaga Iya ta zaunar da ita a kai. Ta ja da baya ta dube ta. Sannan ta kira sunan mijinta sau ɗaya, ta fasa wani irin kuka da ya sa ƙartin maza suka juya fuska ga bango.

Tana kukan aka buɗe mata hanya. Tsohon Direba ya tada motarsa, Iya ta ce a ɗora ta ita ma, suka nufi asibiti ruwan sama na sauka.