Kujerar Gaba a Motar Medhat

"Kalle ni, Medhat! Ka kalle ni ka sake faɗa!"

Bai kalle ta ba. Yana zaune a bakin ƙofar ƙaramar bas ɗinsa a tashar Dandalin Giza, ƙarƙashin gada, yana jujjuya kofin ruwan raken da ta sayo masa, ko kurɓa bai yi ba.

"Sabah ta fita takaba," ya ce a hankali. "'Yan'uwanta sun zo daga Fayyum. Sun ce ko dai ta tattara yaran ta koma gida, ko kuma..."

"Ko kuma ƙanin mijinta ya aure ta."

"Nermin..."

"Kai ke nan! Ai Ramzi ba shi da wani ƙani sai kai!"

 Tun ranar da yayansa Ramzi ya rasu ya bar Sabah da 'yan mata biyu ƙanana take tsoron wannan magana. A danginsu Medhat ba a barin marayu su tashi a gidan bare. Ta san haka sarai, ta dai riƙa yaudarar kanta ne.

Ita Nermin aikinta zagayawa da 'yan yawon buɗe ido, amma ba masu ƙatuwar mota mai sanyi ba. Nata baƙin masu jaka a baya ne, aljihu ba nauyi, ƙafa ba gajiya. Ta hana su tasi, ta cusa su jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta haye kogin Nilu da su a jirgin ruwan talakawa, ta ciyar da su koshari, haɗin shinkafa da taliya na bakin titi, a tsaye. Abin da suka fi so kuwa shi ne in ta koya musu tare bas da hannu. A Alƙahira wa ke da lokacin tambayarka ina za ka? Ka nuna da yatsu tun daga nesa, direba ya taka birki ko ya wuce. Mai zuwa wajen dalolin Fir'auna, yatsu biyu zai kifa ƙasa, siffar dala.

A haka suka haɗu da Medhat. Ta kifa yatsu, ya tsaya, ya leƙo ta taga yana dariya.

"Malama, wannan dalar taki ai ta kusa rushewa!"

"Ka ja mota, direba, ba gyaran gini na kira ka ba."

Tun daga ranar ya soma shimfiɗa wani tawul ruwan ɗorawa a kujerar gaba. Duk wanda ya kama murfin ƙofa sai ya ce, "Da mutum." Fasinjoji su yi ta mita, abokansa direbobi su yi ta tsiya wai tawul ya fi su daraja, shi ko a jikinsa. Da ya hango yatsunta a bakin titi sai ya janye tawul ɗin.

"To me ka ce musu?" ta tambaya.

"Ban ce komai ba tukuna."

"Shirunka ai magana ce!"

"Rabin raina, ki saurare ni. Addini bai hana ni haɗa..."

"Kada ka ƙarasa! Ka san babana, ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai ba da ni a kan wata ba. Kuma ɗaki biyu ne gidanku, mota ɗaya ke ci da ku duka. A ina za ka ajiye ni? A bayan bas?"

Ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin ta ga hawaye na ɗiga cikin kofin.

"Umma na son ganinki," ya ce.

Ta tafi gidan da shirin faɗa, wallahi da shirinta ta tafi. Ta ɗauka za ta tarar da tsohuwa mai kaushin baki. Sai ta sami mahaifiyarsa, Hajiya Fathiyya, zaune a ƙasa cikin baƙaƙen kaya, ta rame ƙwarai, ƙaramar jikarta na barci a cinyarta.

"Zo nan, 'yata. Zauna kusa da ni."

Ta kama hannun Nermin ta riƙe gam.

"Ba ƙinki nake ba, Allah shaida ne. Har kayan ɗakinku na fara tanada. Amma dubi yarinyar nan... dubi goshinta. Ramzi ne sak. Na binne shi sau ɗaya, 'yata. In suka tafi da su Fayyum, na sake binne shi."

"Umma, ni fa? Ni kuma fa?"

"Ke yarinya ce, kina da gobe. Ni su kaɗai suka rage mini."

Daga ƙofar kicin Sabah ta fito da shayi, idanunta sun kumbura. Ta ajiye tiren ba ta ɗago ba.

"Ki yafe mini, 'yar'uwa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Wallahi ni ma ba a tambaye ni ba."

Nan duk faɗan da Nermin ta ƙunso ya zube. Da wa za ta yi? Ta nemi mugu ko ɗaya a gidan ta rasa, wannan ne ya fi komai ƙona mata rai. Ta sha shayin da ba ta ji ɗanɗanonsa ba, ta sumbaci goshin tsohuwar ta fito.

Medhat yana tsaye a matakala yana jiranta.

"Hasken idona, ki ce mini kada in yi. Kalma ɗaya! Na rantse zan..."

"Ba zan faɗa ba, Medhat."

"Don me?"

"Don za ka ji maganata. Daga nan kullum ka kalli Umma sai ka tsane ni."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aurensa da Sabah, ba kiɗa ba guɗa.

Nermin ta canza hanya. Ta riƙa zagayawa da baƙinta ta wata tashar, tana ce musu wai ta fi sauƙi, alhali ƙarya ce. Amma Alƙahira duk girmanta, hanyar dala dai sai an bi ta. Wata rana da aka yi tsananin zafi, tana tare da wata dattijuwar Baturiya da mijinta, dole ta tsaya da su a bakin babban titi.

"Ni zan tare! Bari in gwada!" in ji Baturiyar, tana murna kamar yarinya.

Ta kifa yatsu biyu, dala karkatacciya.

Nermin ta gane motar Medhat tun daga nesa, da tsagewar nan ta gilashin gaba.  Motar ta rage gudu... ta matso... A kujerar gaba Sabah ce, ƙaramar yarinyar a cinyarta, an naɗe tawul ruwan ɗorawa an tallafe mata kai da shi.

Idonsa ya faɗa cikin nata. Ya rame. Leɓensa ya motsa, ba ta ji abin da ya ce ba. Sai ya fito da hannu ta taga, ya haɗe yatsunsa biyar, ya buɗe ya rufe, ya taka mota.

"Me wannan yake nufi?" Baturiyar ta tambaya.

"Mota ta cika."

"Amma na ga kujeru a baya, babu kowa! Ya halatta direba ya yi haka?"

"A'a," in ji Nermin. "Ba a yi. Shi ma bai taɓa yi ba."

Da ya tsaya, a baya za ta zauna, tana kallon ƙeyarsa har dala. Ya san ba za ta iya ba, ita ma ta sani. Hawayen da take ta dannewa suka ɓalle mata a gaban baƙi, ta kasa tare su.

"'Yata, lafiya?"

"Lafiya lau, Madam." Ta share fuska da gefen mayafi, ta kama hannun matar ta gyara mata yatsun. "Ɗaga sosai. Wata motar na zuwa."